Bulala a makaranta: mu ajiye ta ne ko yaya? Ɗan ciyaman ya sa na ba da haƙuri a gaban yara

MalamAji4

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen malamai da iyaye, don abin nan ya tsaya min a rai tun ranar Talata. Ni malami ne a wata firamare ta gwamnati a bayan gari nan Kano, aji huɗu nake riƙe da shi, yara 104 ne a rajista, masu zuwa kullum za su kai 90, rabi a benci rabi a ƙasa. Ranar Litinin wani yaro ya mari wata yarinya ya yaga mata littafi wai don ta hana shi awararta, kuma wannan shi ne karo na uku, na yi masa faɗa, na sa shi kamun kunne, na aika a kira babansa bai zo ba, to sai na yi masa bulala uku a tafin hannu da tsumagiya, uku kacal wlh ko shaida ba ta fito ba. Washegari sai ga baban a mota da wasu samari biyu, ashe shi ne ciyaman ɗin jam'iyya na mazaɓarmu (kar ma a tambaye ni wacce), ya tsaya a tsakar makaranta yana ta ɗaga murya wai ni wane ne da zan taɓa masa ɗa, wai duniya ta daina duka, wai waya ɗaya zai buga a jefa ni ƙauyen da ko sabis babu. Hedimasta ya ja ni gefe ya ce Malam ka ba shi haƙuri a wuce wurin, kai ma ka san yanayi. Na bayar, yara suna leƙe ta taga.

Abin da ya ƙara ɗaure min kai, a satin nan dai wani uban, mai kayan miya ne a bakin kasuwa, shi kuma da dorina ya zo min sabuwa fil, ya ce Malam ga ta nan, ɗana ba ya jin magana, ka zane shi in ta tsinke na siyo wata. To ni wanne zan bi? Kuma tsakani da Allah doka ta hana ne ko ba ta hana ba? In na ajiye bulala da me zan riƙe yara 90 ni kaɗai?

TsohonHedimasta

Wa alaikumus salam. Malam, sannu da haƙuri, Allah ya ba da lada. Ni na yi shekara 35 a wannan aikin kafin na ajiye, na shiga ne lokacin UPE ta 1976, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, da aka buɗe makarantu ko'ina aka rasa malamai, sai da na koma na yi Gired Tu, wato takardar shaidar malanta, daga baya. Bari na faɗa maka wani abu da yaran yanzu ba su sani ba, masu cewa a da ana duka, e ana duka, amma ba kowa ne yake duka ba. A makarantar da ta san kanta bulala tana ofishin hedimasta ne. Malamin aji zai kawo yaro, a tambayi yaro me ka yi, ya faɗa da bakinsa, a rubuta sunansa da laifinsa da yawan bulalar a littafi, a sa kwanan wata. Yarinya mace kuwa malama ce take yi mata. In sufeto ya zo daga ofishin ilimi littafin nan yana cikin abin da zai fara buɗewa. Wanda ya fusata ba shi ne yake riƙe bulala ba, wannan shi ne sirrin, kafin ka taka daga aji zuwa ofis zuciyarka ta sauka.

Yanzu kuwa kowa da bulalarsa, malami da tasa, monita da tasa, mai gadi ma da tasa a bakin ƙofa yana jiran 'yan makara. Wannan ba horo ba ne.

Ni dai ban yarda a ɗauke ta gaba ɗaya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da zai mari 'yar mutane sau uku a kira ubansa ya ƙi zuwa, me ya rage? Kuskurenka ɗaya ɗana, da ka kai shi wajen hedimasta ya yi da hannunsa, da yau shi zai tsaya gaban ciyaman ba kai ba. Shi kuma hedimastan naku bai kyauta ba, in ma haƙurin za a bayar a ofis ake bayarwa a rufe ƙofa. Ya karya ka a gaban yara, gobe da wane ido za su dube ka.

Barista_Sabuwa

Baba Allah ya ƙara girma, na ji daɗin bayanin littafin nan. Malam ga amsar tambayarka ta doka a taƙaice. Dokar Final Kod (Penal Code), wato kundin laifuka da Arewa take aiki da shi tun 1960, sashe na 55, ta ce ba laifi ba ne uba ko mariƙi ko malamin makaranta ya hori yaron da bai kai 18 ba, matuƙar abin bai kai ga mummunan rauni ba. A Kudu ma sashe na 295 na dokar laifukansu kusan haka ya ce. Sai kuma ga Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da ta hana azabtar da yaro ko wulaƙanta shi, Kano ma ta yi tata dokar kare yara a 2023 dab da saukar Ganduje. Wato dokoki ne guda biyu suna kallon juna, ɗaya ta buɗe ƙofa ɗaya ta tura ta, shi ya sa kowa yake ɗaukar wadda ta yi masa. Bulala uku a hannu ba rauni da wuya a ce ka yi laifin da kotu za ta kama ka, amma fa ma'aikata tana iya hukunta ka ta fuskar aiki in akwai takardar da ta hana, ka tambayi sakataren iliminku a rubuce. Legas dai ta hana a makarantunta, Ghana hukumar iliminsu ta hana tun 2017, Kenya tun 2001 amma a 2021 ministan iliminsu da kansa, George Magoha, ya fito yana cewa a dawo da ita saboda ɗalibai suna ta ƙona ɗakunan kwana.

Kuma masu cewa Turawa ba su san bulala ba, ai tsarin zanewa a gaban asambuli a makarantun boko su suka zo mana da shi. A Ingila sai 1986 majalisarsu ta hana a makarantun gwamnati, kuma da ƙuri'a ɗaya tak, 231 da 230, Margaret Thatcher ba ta ma samu jefa tata ba tana wajen cin abinci da matar Reagan. Makarantun kuɗi kuwa sai wajen 1999. Amurka har yau akwai jihohin da doka ta yarda a doki yaro a makaranta. To ka ga ciyaman da yake cewa duniya ta daina, duniyar ma da kyar ta daina, wani wajen ba ta daina ba.

UmmanKhalifa

Ni kam ku yi haƙuri, Baba ka gafarce ni, ban yarda ba ko kaɗan. Kullum sai a ce mu an dake mu ga shi mun zama mutane, to waɗanda aka daka suka gudu fa, wa yake lissafa su? A ajinmu na firamare mu 'yan mata mun fi 20, malamin lissafinmu duk wanda ya faɗi jadawalin sau bulala ɗaya kowace tambaya, wlh ni har yau in aka ce bakwai sau takwas sai gabana ya faɗi kafin amsar ta zo, kuma ina da ƙawa da ta daina zuwa gaba ɗaya saboda shi, kullum sai ta ce cikinta yana ciwo, iyayen dama neman dalili suke, aka ɗora mata talla, shekara biyu aka yi mata aure. Babu wanda ya rubuta a littafi cewa bulala ce ta kore ta.

Malam kai na yarda uku ka yi, kuma yaron ya yi laifi. Amma in an bar ƙofar a buɗe ba irinka ne kaɗai zai shiga ba. Kun manta bidiyon nan na 2021 na wata makarantar Arabiyya a Ganmo ta jihar Kwara, maza sun zagaye yarinya suna ta zuba mata kamar an kama ɓarawo, kuma wai da yardar iyaye? Kun manta 2019 da 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna aka fito da mutum wajen 300 wasu da mari a ƙafa, bayan nan aka samu irinsa a Daura? Duk da sunan gyaran tarbiyya aka fara su, babu wanda ya ce zan buɗe gidan azaba. Ɗana na biyu akwai lokacin da ya dawo kunnensa yana ruwa, marin wani malami ne, wata uku muna zaryar asibiti, da na je makarantar cewa aka yi Hajiya ai duk inda hannun malam ya taɓa wuta ba za ta ci ba. Na ce to kunnen fa.

Anas bin Malik shekara 10 ya yi yana yi wa Annabi (SAW) hidima tun yana yaro, ya ce ko tsaki bai taɓa yi masa ba. Mu wa muka fi?

Dan_Majalisar_Shayi

Hhhh Malam ni abin da ya ba ni dariya a labarinka shi ne ciyaman ɗin mazaɓa ne ya zo yana wa'azin an daina duka. Ai su ne masu bulalar ƙasar nan! Ka duba fa, a Najeriya in ana so a tsige shugaban jam'iyya na ƙasa ba a Abuja ake farawa ba, ƙauyensu ake zuwa a nemo ire-iren mutuminka su tara 'yan kwamiti a ƙarƙashin bishiya su ce mun dakatar da shi, sai a ruga kotu a samo oda. Haka aka yi wa Oshiomhole yana shugaban APC, mazaɓarsa a Edo ta dakatar da shi, kotu ta tabbatar a 2020, a watan Yuni aka rushe kwamitinsa gaba ɗaya aka ɗora Mai Mala Buni riƙo. Haka PDP ta yi wa Secondus a 2021. Haka aka yi wa Iyorchia Ayu na PDP a Maris 2023, mazaɓarsa a Binuwai, wai ya yi wa jam'iyya zagon ƙasa, Damagum ya hau riƙo. Ganduje ma an gwada masa a Afrilu 2024 daga mazaɓarsa ta Dawakin Tofa amma a lokacin yana da masu riƙe masa, sai abin ya wuce kamar ba a yi ba, da lokacin ya yi a Yuni 2025 sai muka ji ya ajiye da kansa wai don lafiyarsa, aka kawo Nentawe Yilwatda. Abdullahi Adamu kuwa tun ranar da ya fito ya ce Ahmad Lawan ne ɗan takarar maslaha a 2022 kowa ya san kwanansa ƙidayayye ne, Tinubu na hawa bai yi wata biyu ba ya sauka.

Kuma ba yau aka fara ba, Audu Ogbeh wasiƙa kawai ya rubuta wa Obasanjo a kan rikicin Anambra, farkon 2005 ya bar kujerar shugabancin PDP. Bamanga Tukur ma ya bar ta a 2014. Shari'ar Sheriff da Makarfi a kan kujerar sai da Kotun Ƙoli ta raba a 2017.

To yanzu ɗauki Wike. Mutumin nan a fili shi da sauran gwamnonin PDP huɗu, su biyar ɗin da ake kira G5, suka juya wa ɗan takarar jam'iyyarsu baya a 2023, ya karɓi ministan Abuja a gwamnatin APC da katin PDP a aljihu, aka yi ta kafa kwamitin ladabtarwa ana ta zama ana shan ruwan roba. Ayu da ake zargi an kore shi cikin sati, wanda ya yi a gaban kyamara aka shekara ana kallonsa. Kowace jam'iyya tana da babi guda na ladabtarwa a kundinta, gargaɗi, dakatarwa, kora, an jera su tsaf kamar littafin da Baba yake faɗa, amma ba girman laifi ake dubawa ba, wa ke bayanka ake dubawa. Daidai da ajinka Malam, ɗan mai kayan miya ga dorina har da gudunmawar uba, ɗan ciyaman kuwa malami ne zai durƙusa. Yaran nan 90 da suke leƙe ta taga sun ɗauki darasin da ya fi duk abin da ka rubuta a allo a zangon nan, nan da shekara 30 su ne daliget.

Sadiq_Kurna

kai dan majalisa kullum sai ka jawo siyasa ana maganar yara ka kawo mana Wike. kuma ka lissafo APC da PDP ka tsallake NNPP da wani bangare ya ce ya kori Kwankwaso a 2023, ko don jar hula ce a kanka? ni dai a makarantar kwana siniyoyi ne suka fi malamai mugunta, belt da wayar wuta cikin dare, a fara hana wannan tukunna

Alaramma_Zangon_Gabas

Bismillah. Hajiya Umman Khalifa Allah ya ba yaro lafiya, wanda ya mari kunne ya yi zalunci, babu malamin da zai halatta, dukan fuska an hana shi a hadisi ingantacce, kuma maganar wuta ba za ta ci ba magana ce ta gari ba ta littafi ba. Sai dai kar mu ɗauki hadisi ɗaya mu bar ɗaya, wanda Abu Dawud ya ruwaito na umartar yara da salla a shekara 7 da bugunsu a kanta a shekara 10 shi ma yana nan. Ku lura da tazarar, shekara uku cur ana magana da baki kafin hannu ya motsa. Mu nan kwana uku ba ma iya yi.

Malamanmu na Malikiyya ba su bar abin sakaka ba. Ibn Sahnun na Ƙairawan, sama da shekara 1,100 da suka wuce, ya yi littafi a kan ladubban malaman yara, ya ce kar malami ya wuce uku sai da izinin uba, kar ya yi cikin fushi, kuma goma ita ce iyaka, daidai da hadisin da ke Bukhari da Muslim cewa ba a wuce bulala goma sai a haddi. Ibn Khaldun kuma ya ce tsanantawa tana koya wa yaro ƙarya da munafunci da kasala, don zai riƙa nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba saboda tsoro. Ni a tsangaya na tashi, na sha dorinar gardawa, kuma na ga abin da ya faɗa da idona, wanda aka fi duka shi ya fi iya ƙarya. Yanzu a Islamiyyarmu na karɓe bulala daga hannun duk wani ƙaramin malami, guda ɗaya ce tana wajena, a shekarar nan sau biyu na ɗauko ta. Abin da ya fi yi mana aiki shi ne hana yaro fita tara, da sa shi ya tsaya ya share aji bayan an tashi, da zuwa gidansu da ƙafata bayan la'asar. Uban da ya ƙi amsa takarda ba ya iya ƙin fitowa in ka yi sallama a ƙofarsa maƙwabta suna gani.

Amma fa ɗalibaina 40 ne a aji. Ban san yadda zan yi da 90 ba, gaskiya.

MalamAji4

Na gode ƙwarai jama'a, Baba na karɓi gyara, Allah ya gafarta Malam na gode. To ai inda Alaramma ya tsaya nan ne ciwon. Takardar tsarin ilimi ta ce malami ɗaya yara 35, mu muna da ninki uku, an zo an yi mana bita ta kwana biyu a kan horo ba duka, mai koyarwar ta ce in yaro ya yi laifi ka ja shi gefe ku zauna ka ji damuwarsa, na ce Hajiya in na ja ɗaya gefe sauran 89 wa zai riƙe min, aka yi dariya aka raba mana lemo aka tashi. Kaduna a 2017 an sallami malamai sama da 21,000 an ce sun faɗi jarrabawa, Kano an ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, duk mun ji, amma ni dai har yau ni kaɗai ne a ajin nan. Kullum an bar jaki ana dukan taiki.

Ɗan Majalisa ka ban dariya amma akwai abin da ban faɗa ba, yaron tun ranar ko kallona ba ya yi, jiya ya ce wa monita babansa ya ce ba mai taɓa shi, ita kuma yarinyar da aka mara uwarta ta zo ta ce a canza mata aji, ba ta nemi komai ba sai wannan. Na mayar wa mai kayan miya dorinarsa, bai ji daɗi ba, ya ce malaman yanzu ba su da zuciya. Tsumagiyata kuma na kai ofis na ajiye a kan teburin hedimasta na ce daga yau duk mai laifi nan zan kawo shi, a samo littafi a riƙa rubutawa yadda Baba ya ce, ya dube ni ya ce Malam kana so ka haɗa ni da mutane. Ranar Asabar akwai taron iyaye da malamai, zan tayar da maganar a can, matsalar dai shi ciyaman ɗin shi ne kuma mataimakin shugaban kwamitin.

UmmanKhalifa

Malam dan Allah ka tabbata uwar yarinyar nan ta zo taron, in da hali ta zo da littafin da aka yaga. Kuma ka dawo ka faɗa mana yadda aka yi.